Shafin Kelle da ya ƙi canzawa

Kun taso kuna jin mutanen Gure suna cewa uwarku ce ta gano ciwon odinater ɗin nan, wato kwamfuta, da ya gagari masanan Yamai. Na san zancen yana yi muku daɗi, har na taɓa jin Nafisa tana ƙara masa gishiri a gaban ƙawayenta. To, ba ƙarya ba ne, na gano shi. Amma rabin labarin ke nan, kuma rabin da ya fi daɗin faɗa. Yanzu da gwiwoyi suka ƙi, ido ma ya fara yi mini gardama, gara in rubuta muku ɗaya rabin da hannuna kafin wani ya ba ku shi a karkace.

A ƙarshen shekarun casa'in ina aiki a biro, wato ofishin wani furoje mai kula da rijiyoyin makiyaya. Aikin ba shi da wuyar fahimta. Kowane mako ana auna ruwan rijiyoyin karkara, inda aka ga yana ja da baya sai a tura masu yasa su ƙara wa rijiyar zurfi tun dabbobi ba su galabaita ba. Sakatariya aka ɗauke ni, ina buga takardu, har aka kawo wani anasara ya haɗa mana odinater huɗu da wayoyi ta cikin bango. Uku muna zama a gabansu, ni da Direkta da wani abokin aikina Isufu. Ta huɗun tana ɗakin baya ita kaɗai, muna ce mata uwa, don ita ke riƙe da komai. Anasaran ya rubuta wani umarni ya sa a cikinta: in na buga alƙaluma a wajena su tafi wurin uwa, in Direkta ya nemi shafin wani yanki sai uwa ta tattaro su ta jera masa a gilashinsa. Ba ruwanmu da duniyar waje, iyakarmu ɗakunan nan uku. Da wa'adinsa ya cika ya tafi, ya bar mana wani littafi da ya rubuta da hannu, da gargaɗi ɗaya: uwa a kunna ta, a kashe ta, kada a taɓa mata komai.

Shi a ƙasarsu irin wannan na'ura ba a kashe ta, haka ya ce. Mu kuwa a Gure ina! Kuran ɗin gari, wato lantarki, ba a dogara da shi, inji muke tayarwa, kuma da rana ta take tsaka sai mu kashe komai, mu lulluɓe na'urorin da zane, kowa ya tafi gida sai bayan azahar. Da safe ni nake buɗe biro in kunna uwa. Da yamma Isufu ne, don ni sai na ɗora muku girki tukuna nake fitowa. Masu awon yankunan Bune da Gamu samari ne masu babur da takarda, da yamma suke kawo rahoto. Mai awon Kelle ne kawai yake zuwa da safe, kuma shi ne Baba Kiyari.

Ku manyan kun san shi, ƙananan kun dai ji suna. Aminin mahaifina ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, kuma shi ya je ya roƙa aka ɗauke ni wannan aikin bayan rasuwar mahaifin nawa. Shekara arba'in ya yi yana haƙar rijiya. Bai yi boko ba, ba ya rubutu, da raƙuminsa yake zagaya rijiyoyi bakwai na arewacin Kelle da igiya mai ƙulli a kowace mita. Ya zura, ya jawo, ya ƙirga ƙullin da ya jiƙe, ya riƙe a ka. Kowace Litinin kafin in iso yana zaune a bakin ƙofa. In kunna uwa, ya tsaya a bayana yana faɗa ina bugawa, rijiya bayan rijiya, bai taɓa haɗa wata da wata ba. Tsohon Direkta ya yarda da wannan tsarin don ya san kan mutumin. Sabon da aka turo daga Yamai bai so ba ko kaɗan. Ba mugu ba ne, kada ku ɗauka haka, amma abin da bai gani a rubuce ba a wurinsa babu shi.

Wata Litinin a tsakiyar bazara, na gama bugawa ke nan Baba Kiyari yana shan ruwa a inuwa, sai ga makiyaya uku sun shigo biro ko sallamar kirki babu. Babbansu ya ce rijiyar Dogon Yashi ta ƙafe, ta Tsamiya sai laka, maruƙa sun fara faɗuwa, kuma sun gaji da jiran masu yasa. Direkta ya shiga ɗakinsa ya buɗe shafin Kelle, ya daɗe yana kallo, sannan ya kira mu, ni da Baba Kiyari, a gaban mutanen. Na leƙa gilashin. Shafin yana cewa Dogon Yashi tana da ruwa mita huɗu. Ni kuwa da yatsun nan nawa, ko awa ba a yi ba, na buga rabin mita.

Direkta ya ce, "Malam Kiyari, mako shida ina buɗe shafin nan, ko ɗigo bai ragu ba. A cikin wannan zafin? Ko dai daga ɗakinka kake auna su?"

Baba Kiyari ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da furfurata? Mako biyar ke nan ina cewa Dogon Yashi tana ja. Tambayi ɗiyata, ita nake faɗa wa."

Direkta ya juyo gare ni. "Madam Hadiza, abu biyu ne. Ko shi yake maimaita miki tsofaffin alƙaluma, ko ke ce ba ki shigar da sababbi. Wanne ne?"

Bari in gaya muku abin da ya zo mini a rai, don kada ku ce ruɗewa na yi. Ban ruɗe ba. Na tuna mazan biron da suka yi ta gunaguni cewa an ba mace mai ɗan guntun ilimi na'urar da ta fi ƙarfinta. Na tuna babanku da ya bar ni na fito aiki bisa sharaɗin cewa ranar da sunana ya fito a wata magana, ranar zan zauna gida. Na kuma san in na ce na buga rabin mita, gilashi zai ƙaryata ni a gaban kowa, kuma ba ni da takarda ko ɗaya. Sai na sunkuyar da kai.

Na ce, "Mushe Direkta, ni abin da aka ba ni nake bugawa."

Babban makiyayan ya dubi Baba Kiyari ya tofar da yawu gefe. Har yau in na rufe ido ina ganin wannan. Direkta ya ba da umarni masu yasa su tashi a ranar, ya ce kuma takardar sallamar Malam Kiyari za ta bi motar Damagaram ranar Alhamis, a rubuce a ciki cewa rahoton ƙarya yake kawowa. Baba Kiyari ya ɗauki sandarsa ya fita.

Kafin in isa gida labari ya riga ni, kun san Gure. Kakarku Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓare gujjiya, ko amsa sallamata ba ta yi ba.

Ta ce, "Hadiza, Kiyari fa aka ce maƙaryaci. Kiyarin da ya sa ubanki a kabari da hannunsa. Ke kina wurin?"

"Ina wurin, Iya."

"Me kika ce?"

Babanku ya tari numfashina daga zaure. "Iya, ki bar ta. Maganar manya ce da na'urar nasara, ina ruwanta? Ke kuma ki kama bakinki, kada in ji kin tsoma kanki."

Iya ta ce, "Ni ba da kai nake ba, Malam. Ƴata nake tambaya."

Na shige madafa. Ranar nan tuwon ma ƙonewa ya yi.

Talata da sassafe na kunna uwa, na rufe ƙofa, na ce yau sai na ga ƙarshen abin nan. Na buga wa Dogon Yashi mita casa'in da tara, abin da ko mahaukaci zai gane ba gaskiya ba ne. Na buɗe shafin Kelle a wajena: mita huɗu. Na sake nema, mita huɗu. Na je na'urar Isufu, mita huɗu. Yanzu ga hujja a hannuna cewa abin da ake bugawa ba ya fitowa, laifin ba na bakin tsohon ba ne. Kuna tsammani da gudu na je na gaya wa Direkta? Ban je ba. Na ce wa kaina sai na gano dalili tukuna, alhali gaskiyar magana tsoro nake kada dalilin ya zama ni. Da yamma mai awon Bune ya zo, na buga nasa, shafin Bune ya canza nan take kamar ba komai. Kai! Na ji kamar in ɗauki na'urar in maka da ƙasa.

Na roƙi a ba ni talho na kira biron Yamai, na ce gwaji nake yi. Sai a kira na huɗu aka samu layi. Masanin nasu ya saurare ni a gajiye, ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, kowace na'ura tana ajiye kwafin shafin da ta taɓa buɗewa don kada ta wahala, in share wannan ajiyar a wajena zan ga sabo. Na ce na duba a na'ura biyu. Ya ce in share a duka. Na share a wajena, na share a wajen Isufu, na laɓaɓa na share a ta Direkta da ya fita salla. Mita huɗu tana nan daram. Na sake kiransa, ya ce to lalle ban iya bugawa ba ne, ya kife talho. Allah ya sani na zage shi a zuci zagin da ba zan rubuta muku ba.

Da zan koma gida na hangi Baba Kiyari a ƙofar gidansa shi kaɗai a kan tabarma. Wurin nan kullum da la'asar cike yake da dattawa, ranar ko mutum ɗaya babu. Na bi ta bayan layi.

Laraba da safe wata dabara ta zo mini. Duk tunanina yana kan Kelle, kamar an yi wa shafinta asiri. Na ce bari in taɓa Bune, wadda jiya ta yi lafiya lau. Na canza wa wata rijiyar Bune lamba, na buɗe shafi. Bai canza ba! Jiya da yamma ya karɓa, yau da safe ya ƙi. Ashe ba Kelle ba ce, safiya ce. Duk abin da aka buga da safe uwa ba ta nuna shi, kuma mutum ɗaya ne tak a furojen nan yake kawo rahoto da safe. To me ya raba safiya da yamma? Injin ɗaya, wayoyin ɗaya, yatsun ma nawa ne. Abu ɗaya na iya samu: da safe ni ke kunna uwa, da yamma Isufu.

Ranar ban ɗora girki ba. Na ce wa Iya ta ba ku fura, na koma biro ana idar da azahar, na riski Isufu yana yaye wa uwa zane. Na tsaya a bayansa. Ta kunnu, ta tsaya a wani baƙin gilashi mai rubutun Ingilishi layi biyu. Na san wurin sarai. Watanni biyu ke nan tana tsaya mini a nan, ni kuwa ba na jin Ingilishi, sai in danna maɓallin da anasaran ya taɓa nuna mini in ta yi gardama, ta wuce abinta. Isufu bai danna shi ba. Wani maɓallin daban ya danna, ya shiga wani wuri, ya fara buga lambobi.

Na ce, "Isufu, me kake bugawa?"

Ya ce, "Kwanan wata mana. Ɗan batirin agogonta ya mutu tun farkon zafi, duk sanda aka kashe ta sai ta manta. Na rubuta a turo wani daga Damagaram, shiru." Sai ya waiwayo. "Ke ba kya sa mata da safe?"

"Wa ya gaya mini?"

"Haba Madam, na ɗauka kin sani. Ai ke ce gwanar tamu."

Na ce ya kashe ta ya sake kunnawa, na danna nawa maɓallin, na ce ya nuna mini ranar da take gani. Ɗaya ga watan ɗaya, shekarar tamanin. Wato kowace safiya uwa tana can shekara goma sha takwas baya, ni kuma ina ta zuba mata alƙaluma. Na jawo littafin anasaran, wanda na sha dubawa ina neman Kelle ban samu ba, yanzu na nemi inda ya yi maganar lokaci. Ga shi nan ƙasan wani shafi da ƙananan haruffa. Ya ce saboda uwa ba ta da sauri, ya sa umarnin ya riƙa ajiye kwafin kowane shafi a cikinta ita kanta. In an nemi shafi, sai ta duba ranar da aka buga alƙaluma da ranar da aka yi kwafin. In alƙaluman sun fi sabunta ta yi sabon shafi, in kwafin ya fi sabunta ta miƙa shi kawai. Masanin Yamai ya yi gaskiya da ya ce ajiya ce, amma ya sa ni shara a ɗakin da ba nan dattin yake ba. Duk abin da Baba Kiyari ya faɗa mini uwa ta karɓa, ta liƙa masa shekarar tamanin, ta ga ya tsufa, ta ci gaba da miƙa wa Direkta kwafin farkon bazara.

Isufu ya gyara ranar. Na goge casa'in da taran jiya na mayar da rabin mita, na gyara ta Bune, na buɗe shafin Kelle. Sai ga su sun zubo, mako shida a jere. Huɗu, uku da rabi, uku, biyu, ɗaya, rabi. Kowace rijiya da nata, yadda ya faɗa, babu kuskure ko ɗaya. Na fashe da kuka a gaban Isufu, ko kunya ban ji ba.

Ya ce, "Ki ce batir ne kawai. Ai gaskiya ce. Kada ki ambaci maganar kunnawa, ni ma ba zan faɗa ba."

Ban bi shawararsa ba, wannan kam zan iya cewa. Na je na kira Direkta, na nuna masa komai tun daga baƙin gilashin, na ce ni ce nake wucewa ba tare da sa kwanan wata ba. Ya zauna ya dafe kai. Ya jawo takardar sallamar daga aljihun tebur ya yayyaga ta a gabana. Ni da nake jiran faɗa, sai ji na yi yana yabona, wai na yi abin da Yamai ta kasa. Bai tambaye ni ko na san gaskiya tun ranar Litinin ba, ni ma ban ɗauko zancen ba. Daga bakinsa labarin da kuka sani ya fita gari. Babanku ma da ya ji, har tsire ya sayo.

Ban jira an tashi aiki ba, na nufi gidan Baba Kiyari kamar zan tashi sama. Na same shi a garke yana ba raƙuminsa harawa. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe komai na gaya masa, batir da agogo da kwafi, ina magana da sauri kamar mai neman tukwici. Na ce an yaga takarda, Direkta da kansa zai zo ba shi haƙuri gobe. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

Ya ce, "Madalla. Ni ban san batir ba, ban san kwafi ba. Ƙarfe ne, in ya yi kuskure ba na riƙe shi a rai. Abu ɗaya zan tambaye ki, Hadiza."

"Ina ji, Baba."

"Ranar Litinin, da ya tambaye ki a gaban mutanen nan. Kin manta abin da na faɗa miki da safen, ko kina tune?"

Da na ce na manta, wallahi da ya karɓa. Na ga haka a idonsa, so yake in ce na manta.

Na ce, "Ina tune, Baba. Rabin mita ka ce."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "To." Ya juya ya ci gaba da zuba harawa. Na jima a durƙushe ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba, na tashi na fito.

Washegari Direkta ya zo da babban makiyayan nan, suka ba shi haƙuri a gaban dattawan unguwa. Ya ce ya yafe, ya ba su ruwa, amma ya ce ya tsufa da yawon rijiya. Aka ɗauki mai babur da takarda a madadinsa. Shekara tara muka ƙara yi katanga ɗaya kafin Allah ya karɓi ransa. Bai taɓa ɗaure mini fuska ba. Ya zo sunan biyu daga cikinku ya yi addu'a, in na gaishe shi ya amsa har ya tambayi yara. Amma tun daga wannan yammacin bai sake ba ni wata magana in riƙe masa ba. Ko saƙon gaisuwa zai aika wa Iya, ina tsaye a gabansa, sai ya nemi wani ya ba shi.